Uba Ya Ɗauke Tunkiyar Wani: Shin Ɗansa Zai Ba da Shaida?



A cikin littafin da almajiran Konfushiyus suka tattara maganganunsa, wanda mutanen Sin ke kira Lunyu, akwai wata 'yar gajeriyar hira a babi na 13. Ba ta wuce layi uku ko huɗu ba, amma sama da shekara 2000 ke nan malaman ƙasar suna kai-komo a kanta. Wani hakimi mai riƙe da garin She, a ƙasar Chu, ya so ya yi wa Konfushiyus alfahari da mutanensa. Sai ya ba shi labarin wani mutum nasu da ya yi suna wajen tsayuwa a kan gaskiya, har ta kai ga mahaifinsa ya ɗauke tunkiyar wani, shi kuwa ya je ya ba da shaida a kansa. Konfushiyus bai yaba ba ko kaɗan. Ya nuna masa cewa a garinsu ba haka ake auna mai gaskiya ba, a can ɗa da uba rufa wa juna asiri suke yi, kuma shi a wurinsa wannan rufin shi ne miƙewar hali.

Na san da yawa daga cikinmu da jin haka za su ce ai magana ta ƙare, mutumin nan yana halatta ɓoye ɓarawo. A dakata tukuna, 'yan uwa. Wanda ya faɗi wannan magana ba ɗan tasha ba ne. An haife shi a shekara ta 551 kafin miladiyya a ƙasar Lu, inda lardin Shandong yake a yau, ya rasu a 479, wato tsakanin haihuwarsa da ta Manzon Allah (SAW) akwai fiye da shekara 1100. Sunansa na yanka Kong Qiu, mutanensa na ce masa Kongzi, ma'ana Malam Kong. Turawan mishan ne suka lanƙwasa sunan ya koma Konfushiyus, Larabawa ma suka ɗauka a haka. Ya tashi maraya cikin rashi, ya yi ƙananan ayyuka irin su kula da rumbuna da dabbobi, daga baya ya kai ga riƙe muƙamin mai kula da shari'ar laifuka a Lu. Kun ga ke nan ya zauna a kujerar da ake kawo ƙarar ɓarayi, ya san abin da shaida take nufi. Bayan ya bar muƙamin ya yi kusan shekara 14 yana yawo daga wannan fada zuwa waccan, yana neman sarkin da zai mulki mutane da kyawun hali, bai samu ba, ya dawo gida ya ƙarasa rayuwarsa yana karantarwa.

To me ya sa irin wannan mutum zai ce ɗa ya rufa wa uba asiri?

Saboda a fahimtarsa ɗabi'a tsiro ce, kuma saiwarta tana cikin gida. Babban abin da yake kira zuwa gare shi shi ne abin da suke ce wa ren, wato mutumtaka, ka ji ciwon ɗan Adam a jikinka, abin da ba ka so a yi maka kada ka ɗora wa wani. Amma yana ganin ba wanda ake haifa da son dukkan mutane a dunƙule. Yaro yana fara koyon so ne a cinyar uwa, yana fara koyon girmamawa a gaban uba, yana koyon haƙuri da rabo a tsakanin yayye da ƙanne. Daga nan abin yake yaɗuwa zuwa maƙwabci, zuwa gari, zuwa ƙasa. Wannan biyayya ga iyaye suke kira xiao, ita ce mu muke ce wa birrul walidaini. Idan hukuma ta koya wa ɗa cewa tona asirin ubansa shi ne nagarta, to ta samu tunkiya guda, amma ta tumɓuke saiwar da duk wata nagarta ke fitowa daga gare ta. Yaron da ya iya miƙa ubansa yana murmushi, wa kuma ya rage da ba zai iya miƙawa ba?

Akwai wata fahimta tasa da ta yi matuƙar burge ni, domin ta yi kusa da abin da muka sani game da kunya. Yana ganin idan ka mulki mutane da doka da horo kaɗai, za su koyi yadda za su kauce wa kamu, amma kunya za ta fita daga idonsu. Idan kuwa ka jagorance su da kyawun hali da ladabi, za su ji kunyar aikata mummuna, su gyara da kansu. Shi ya sa ya ba ladabi, wanda suke kira li, muhimmancin da ya ba shi: yadda ake gaisuwa, yadda ake zama gaban babba, yadda ake karɓar baƙo, yadda ake jana'iza. A wurinsa waɗannan ba ado ba ne, su ne makarantar zuciya. Wani almajirinsa mai suna Zai Wo ya taɓa ce masa makokin shekara uku da ake yi wa iyaye ya yi tsawo, shekara ɗaya ta isa. Ya tambaye shi ko ransa zai kwanta ya ci daɗi ya sa tufafi masu kyau bayan shekara ɗaya. Ya ce ƙwarai. Ya ce to je ka yi. Da ya fita sai ya nuna takaicinsa, yana tunatar da sauran cewa jariri sai ya yi shekara uku kafin ya sauka daga hannun iyayensa. Wannan makoki ya zama doka a Sin na ƙarnoni masu yawa, har babban jami'in gwamnati idan mahaifinsa ya rasu yakan ajiye aiki ya koma gida kimanin wata 27. Mu a shari'armu zaman makoki kwana 3 ne, ban da matar mamaci da ke yin wata 4 da kwana 10, amma hujjar da ya kafa, ta tuna wahalar reno, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf.

Kada kuma a ɗauka duk mutanen Sin sun bi shi a kan maganar tunkiya. Tun a wancan zamani an yi ta jayayya. Mozi, wanda ya zo jim kaɗan bayan rasuwarsa, ya ce wannan fifita naka a kan na wani shi ne tushen sata da yaƙi, domin ɓarawo ai don son gidansa yake fasa gidan wani. Ya yi kira da a damu da kowa daidai wa daida. Han Fei, wanda ya rasu a 233 kafin miladiyya, ya zo ta wani ɓangaren. Shi doka da ƙarfin sarki kawai ya sani. Ya kawo labarin tunkiyar nan, ya haɗa da na wani sojan Lu da ya gudu daga fagen fama sau uku don yana da tsohon uba da ba mai kula da shi, ya ce ga shi nan, ɗan da ya fi kowa biyayya ga uba shi ne talakan da ya fi kowa cin amanar sarki. A wani littafin kuma na ƙarni na 3 kafin miladiyya an ƙara wa labarin gishiri: wai bayan ɗan ya kai ƙarar ubansa, da aka zo kashe uban sai ya ce a kashe shi a madadinsa, da aka zo kashe shi kuma sai ya ce yanzu mai gaskiya kuma mai biyayya irina za ku kashe? Aka sake shi. A wannan riwayar abin da aka ce Konfushiyus ya ƙyamata shi ne yadda yaron ya ci suna har sau biyu da uba ɗaya. Wannan kam kowa ya san irinsa, mutumin da gaskiyarsa duk ta nuna wa jama'a ce.

Shi kuwa Mengzi, babban magajin tafarkin Konfushiyus, wani almajiri ya matse shi da tambaya mai zafi. Ya ce a ƙaddara Shun, sarkin da suke buga misali da shi wajen adalci, mahaifinsa ya kashe mutum, yaya za a yi? Mengzi ya ce alƙali zai kama shi, kuma Shun ba shi da ikon hana alƙali aikinsa. To shi Shun fa? Ya ce zai yar da sarautar, ya goya tsohon a ɓoye, ya gudu da shi bakin teku su zauna can har ƙarshen rayuwa. Ku lura da kyau, bai ce ya yi amfani da kujerarsa ya kashe maganar ba. Wannan darasi ne ga duk mai muƙamin da yake ɗaga waya a saki ɗan uwansa. Amma duk da haka an gudu da mai laifi, kuma akwai gawa a ƙasa da ba wanda ya tambayi 'ya'yanta.

Kafin in zo kan wannan gawar, adalci ne in faɗi cewa tarihi ya gaskata tsoron Konfushiyus, kuma a ƙasarsa. A lokacin juyin al'adu na Mao, daga 1966 zuwa 1976, an ɗauki koyarwarsa a matsayin tushen ci-baya. A ƙarshen 1966 matasan da ake kira Jajayen Dakaru suka shiga Qufu, garinsa, suka farfasa allunan tarihi, suka tone kaburburan zuriyarsa. Aka riƙa koya wa yara cewa biyayya ga jam'iyya tana gaba da biyayya ga iyaye. A 1970 a lardin Anhui, wani yaro ɗan shekara 16 ya ji mahaifiyarsa tana sukar Mao a cikin gida, shi da mahaifinsa suka kai rahotonta, bayan 'yan makonni aka harbe ta. Yaron ya girma ya zama lauya, ya fito duniya da kansa ya ba da labarin bayan fiye da shekara 40. Allah Sarki. Duk wanda ya ji wannan zai gane cewa tsohon nan na Lu ya hango wani abu na gaske.

To amma, 'yan uwa, ku koma ku sake karanta hirar farko. Mutum nawa ne a cikin labarin? Uba, ɗa, hakimi. Akwai na huɗu da ba wanda ya ambata: mai tunkiya. Wataƙila talaka ne, wataƙila ita kaɗai gare shi, wataƙila da ita zai yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Shi ma uban wani ne, shi ma yana da ɗa da zuciyarsa ke ƙuna. Amsar Konfushiyus ta kare gidan ɓarawo daga rushewa, amma ba ta ce uffan ba a kan gidan wanda aka yi wa sata. Masu sharhi daga baya sun ji nauyin wannan, shi ya sa suka yi bayanin cewa kalmar da aka yi amfani da ita tana nufin riƙe dabbar da ta shigo maka da kanta, ba haura katanga ba. Na yarda wannan ya rage munin laifin. Amma mai tunkiya dai har yanzu bai ga tunkiyarsa ba.

Abin ya fi fitowa fili da aka mayar da wannan fahimta doka. A shekara ta 66 kafin miladiyya Sarki Xuan na daular Han ya ba da umarnin cewa ɗan da ya ɓoye iyayensa, da matar da ta ɓoye mijinta, da jikan da ya ɓoye kakanninsa, ba za a hukunta su ba. Kundin dokokin daular Tang na shekarar 653 miladiyya ya wuce nan: wanda ya kai ƙarar iyayensa ko kakanninsa hukuncinsa kisa ne ta hanyar shaƙewa. Sai dai an yi togaciya. Idan laifin tawaye ne ko cin amanar sarki, to babu rufin asiri, dole ka tona ko ubanka ne. Kun ga inda gizo ke saƙa? Idan talaka aka cuta, zumunci ya fi ƙarfin haƙƙinsa. Idan gadon sarauta aka taɓa, zumunci ya tashi daga aiki. Sarki ya cire kansa daga cikin waɗanda za a iya cuta a rufe, ya bar mai tunkiya a ciki.

A ganina ba za a fahimci dalilin wannan giɓi ba sai an dubi ɓangaren addini na tafarkin, domin ɗabi'ar kowace al'umma tana bin tsarin ibadarta ne.

Konfushiyus ba mulhidi ba ne. Yana yawan ambaton Tian, wadda ake fassarawa da Sama, kuma ba sararin samaniya kawai yake nufi ba. Yana magana a kanta a matsayin wadda ta ɗora masa aiki, wadda ta san shi ko da mutane ba su san shi ba, wadda ba a yaudararta, wadda idan ka saɓa mata ba ka da wani wurin kai kuka. Mai karatu Musulmi zai ji ƙamshin fiɗira a nan. Amma ya tsaya a bakin ƙofa. Da almajirinsa Zilu ya tambaye shi game da hidima ga ruhohi da kuma mutuwa, sai ya mayar da shi kan hidima ga rayayyu da fahimtar rayuwa tukuna. Ya yi nasiha a girmama ruhohi amma a yi nesa da su. Ba ya maganar tashin ƙiyama, ba hisabi, ba ranar da mai tunkiya zai riƙe wuyan wanda ya cuce shi. Bai kuma ce an yi masa wahayi ba, ya siffanta kansa da mai isar da abin da magabata suka bari. A nan bari in amsa tambayar da na san za ta zo a ƙasan rubutun nan, ko shi annabi ne. Alƙur'ani ya tabbatar cewa ba al'ummar da mai gargaɗi bai je mata ba, kuma akwai manzannin da ba a ba mu labarinsu ba, amma annabcin wani mutum ayyananne ba ya tabbata sai da nassi, kuma babu nassi a kansa. Haka nan maganar nan da ake yawo da ita ta neman ilimi ko da a Sin, Ibnu Hibban ya ce ba ta da asali, Ibnul Jauzi ya sa ta cikin hadisan ƙarya, don haka kada a kafa hujja da ita a nan.

Abin da ya fi muhimmanci ga mas'alarmu shi ne wa ke bauta wa wa. A tsarin daulolin Sin, yanka da baiko ga Sama aikin sarki ne shi kaɗai, wanda suke yi wa laƙabi da Ɗan Sama. Haikalin Sama da ke Beijing, wanda aka gina a 1420, nan sarakunan Ming da Qing suke zuwa a tsakiyar hunturu su gabatar da hadaya a madadin ƙasa baki ɗaya. Talaka ba shi da hurumin yin wannan, idan ma ya yi, shisshigi ne ga sarauta. To shi talaka ina zai fuskanta? Kakanninsa. A cikin gida akwai allunan katako ɗauke da sunayen magabata, ana ƙona musu turare, ana ajiye musu abinci, ana sunkuya musu. Har gobe a farkon watan Afrilu, lokacin bikin Qingming, miliyoyin mutane na zuwa share kaburburan iyaye da kai musu baiko. Uban da ke zaune a tsakar gida yau, gobe shi ne allon da za a sunkuya wa. To idan mafi tsarkin abin da mutum ke iya kaiwa gare shi kai tsaye shi ne silsilar iyayensa, da wane suna zai tsaya gaban uba ya ce a'a? Wa yake sama da uba da zai jingina da shi? Sarki kawai. Shi ya sa dokar Tang ta fito yadda ta fito.

Ba ina cewa ba su san nasiha ga iyaye ba. Konfushiyus ya koyar da cewa ɗa ya yi wa iyayensa gyara cikin taushi, idan ba su karɓa ba ya ci gaba da girmama su ba tare da ƙunci ba. Xunzi, wani babban malaminsu, ya ma fito ƙarara ya ce bin daidai yana gaba da bin uba. Amma shi Xunzi ɗin yana ganin Sama ba ta da ruwa da al'amuran mutane, baiko da hadaya kuwa tarbiyya ce kawai ga mai ilimi, jahili ne ke zaton ruhohi na ci. Wannan shi ya sa har yau ake musu ko tafarkin addini ne ko falsafar zaman duniya. Kiristocin Katolika sun yi fiye da shekara 100 suna wannan rigima. Matteo Ricci, wanda ya rasu a Beijing a 1610, da mabiyansa suna ganin sunkuya wa allunan kakanni al'ada ce ta girmamawa. Fafaroma Clement na 11 ya haramta a 1704, aka ƙara jaddada haramcin a 1742, sannan a 1939 fadar Fafaroma ta dawo ta halatta.

Musulmin Sin su ma sun fuskanci tambayar, kuma yadda suka amsa ta ya cancanci a sani. A ƙarni na 17 da na 18 an samu malamai da suka rubuta Musulunci da harshen Sinanci da kalmomin Konfushiyus, domin jama'arsu da shi suke karatu. Wang Daiyu ya fitar da babban littafinsa a 1642. Bai ce a watsar da biyayya ga sarki da iyaye ba, sai ya ɗora wata a samansu: biyayya ga Zhenzhu, wato Ubangiji na Gaskiya, sunan da Musulmin Sin ke kiran Allah da shi har yau. Ya nuna cewa biyun can ba su da tushe idan babu ta farkon. Liu Zhi na birnin Nanjing, wanda ya zo bayansa, ya jera rukunan Musulunci biyar a gefen alaƙoƙi biyar da 'yan Konfushiyus suka sani, wato sarki da talaka, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. Mutanen nan ba su raina hikimar ƙasarsu ba. Sun ga gini ne mai kyau da ba a ɗora masa rufi ba.

Yanzu a kawo tunkiyar nan gaban malaman fiƙihu mu gani. Abu na farko, Musulunci bai yaba wa ɗan da ke rugawa wurin hukuma da ubansa don a ce masa mai gaskiya ba. Sutura abin so ce, kuma a laifukan haddi malamai sun ce mai shaida yana da zaɓi tsakanin rufawa da bayyanawa, rufawar ma ta fi. Ɗan zai fara da nasiha cikin ladabi, irin yadda Annabi Ibrahim (AS) ya yi wa mahaifinsa magana a Suratu Maryam. Zai roƙe shi ya mayar. Idan ya ƙi, yana iya mayarwa da kansa a ɓoye, ko ya biya kuɗinta daga aljihunsa, asirin uba ya rufu, haƙƙi ya koma. Har nan mu da Konfushiyus tafiyarmu ɗaya.

Inda muka rabu shi ne idan duk wannan ya faskara, mai tunkiya ya kai ƙara, kuma haƙƙinsa ba zai fito ba sai da bakin wannan ɗan. A nan aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta yanke magana: an umarci muminai su tsayu da adalci, su yi shaida don Allah ko da a kan kansu ne ko iyaye ko dangi. Ƙarshen Baƙara kuma ya siffanta mai ɓoye shaida da mai zunubin zuciya. Shi ya sa jamhurin malamai ba sa karɓar shaidar ɗa idan don amfanin ubansa ce, saboda tuhuma, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, amma suna karɓarta idan a kansa ce. Sai kuma wata dabara mai kyau da Hanafawa suka kawo, tana cikin Mukhtasar na Ƙuduri: a shari'ar sata, mai shaida ya ce wane ya ɗauka, kada ya ce ya sata. Da lafazin farko dukiya za ta koma ga mai ita, da barin na biyu hannu zai tsira daga haddi. Dubi yadda aka raba haƙƙin Allah, wanda aka gina a kan rangwame, da haƙƙin bawa, wanda ba mai yafe shi sai mai shi. An tausaya wa uba, ba a manta da mai tunkiya ba. Kuma bayan shaidar, uba yana nan uba. Suratu Luƙman ta hana bin iyaye a kan shirka, amma a cikin ayar dai ta yi umarni da kyautata zama da su. Ɗan zai fito daga gaban alƙali da rana, da yamma ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya kai masa cefane.

Abin da ya ba ɗan nan ƙarfin yin haka shi ne yana da Wanda zai fuskanta kai tsaye sau biyar a rana ba tare da ya bi ta kan sarki ko kakanni ba, kuma ya san akwai ranar da shi da ubansa da mai tunkiya za su tsaya a sahu ɗaya. Hana uba cin haram a wannan lissafin taimakonsa ne.

Abin da ke damuna, wallahi, shi ne mu da muke da wannan ayar a aikace mun fi kusa da dokar Tang. Ai ɗan gida ne. A rufa, kada a ji kunya. A kashe maganar a zaure. Marainiya ta rasa gadonta, duk dangi sun san wanda ya cinye, ba mai buɗe baki don kada a ce ya tona asirin gida. Ko kusa ba mu kai Shun ba, shi da aka ce zai ajiye kujera, mu da kujerar ake kashe maganar.

Saura tambaya ɗaya, ta yaron Anhui. Wani zai ce to ai ayar taku ita ce ta halatta abin da ya yi. Sam. Shaida don Allah tana nufin fito da haƙƙin wanda aka zalunta a gaban mai hukunci da adalci. Mahaifiyarsa ba ta ci haƙƙin kowa ba, magana ta faɗa a ɗakinta. Kai rahoton mutum wurin azzalumin da ka san zai cutar da shi, malamanmu suna kiransa si'aya, kuma suna lissafa shi cikin manyan zunubai ko da wanda aka kai bare ne, balle uwa. A shari'ar nan babu mai tunkiya kwata-kwata, akwai dai mai mulki da ya ɗora kansa a gurbin da ba nasa ba. Hukumomin Sin da kansu sun ɗan ja da baya daga wannan tafarki: a gyaran dokar shari'ar laifuka na 2012 an cire miji ko mata, da iyaye, da 'ya'yan wanda ake tuhuma daga cikin waɗanda kotu za ta tilasta wa bayyana don ba da shaida. Shi kuwa lauyan, shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana bin ofisoshi da kotuna, yana neman a kiyaye kabarin mahaifiyarsa a matsayin wurin tarihi.

Wallahu a'alam.